Jinin Gyambon Ciki: Yaushe Ake Buƙatar Sake Zura Bututun Hange?

A ɗakunan jinyar da ake kwantar da masu aman jini da aka turo daga Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, ana iya jin tambayoyi biyu masu karo da juna a rana ɗaya. Wani zai tare likita ya ce, "Likita, ba jiya aka zura wa Baba bututun nan ba? Don me za a sake wahalar da shi?" A gado na gaba kuma wata za ta ce, "Likita, yanzu sallamar mu za ku yi ba ku sake leƙawa kun tabbatar jinin ya tsaya ba?" Na farko yana zargin aljihunsa ake hari, ta biyu tana zargin an yi wa mahaifinta sakaci.

Su kansu likitocin ciki sun shafe shekaru suna ja-in-ja a kan wannan batu. Abin da ke ƙara dagula shi a wajen jama'a shi ne, abubuwa uku ne daban-daban ake kira da suna ɗaya, wato "sake dubawa". Ɗaya daga ciki an daina yi wa kowa da kowa, ɗaya wajibi ne idan jini ya dawo, na ukun kuma sam ba don jini ake yin sa ba.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, miki ne da ke buɗewa a shimfiɗar cikin tumbi, ko a farkon ƙaramin hanji, daidai inda abinci ke fita daga tumbin. A bakin jama'a kalmar olsa ta haɗiye ƙwannafi da zafin ƙirji da kumburin ciki da duk wani raɗaɗi da ke tashi idan yunwa ta kama. A wajen likita kuwa sai an ga ramin da ido ake cewa gyambo. Da yawa daga cikin masu cewa suna da olsa, in aka leƙa, ba a samun rami ko ɗaya.

Gyambo yana zubar da jini ne idan ya ci ƙasa har ya taɓo jijiyar jini. Alamarsa biyu ce. Ko dai mutum ya yi aman jini, ja ko mai duhu da ɓarɓashi, ko kuma bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da wani irin wari na daban. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ta zuwa da wannan danƙo, ba ta kuma kawo jiri da bugun zuciya da faɗuwa in an miƙe tsaye.

Endoskofi kalmar aro ce da ke nufin leƙa cikin jiki da bututu mai lanƙwasuwa, kaurinsa kusan santimita ɗaya, mai fitila da kyamara a bakinsa. Ta baki ake zura shi, ya bi hanyar abinci, ya shiga tumbi, ya wuce farkon hanji, likita yana kallon komai a allo. Wannan daban yake da hoton ciki da ake ɗauka ana goga na'ura a kan fata, wanda ba ya iya nuna gyambo yadda ya kamata. A jikin bututun akwai siririyar kafa da ake zura allura ko maƙalli ko sandar ƙuna ta cikinta, don haka kayan bincike ne, kayan magani ne kuma.

Tun 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya gwada leƙa tumbi da miƙaƙƙen bututun ƙarfe, kuma wani mai wasan haɗiyar takobi ne ya iya haɗiye shi. Bututu mai lanƙwasuwa irin na yau ya samo asali ne a 1957 a Jami'ar Michigan ta Amurka, inda Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu, ya fara haɗiye nasa da kansa kafin ya gwada shi a kan majinyaci.

Abin da ke haƙa ramin

Manyan dalilai biyu ne ke bayan mafi yawan gyambon ciki. Na farko ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ke zama a cikin tumbi, galibi tun mutum yana yaro, inda take yaɗuwa a gidaje masu cunkoso da wuraren da ruwan sha da tsafta suka yi ƙaranci. Likitoci biyu na birnin Perth a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka fito da ita fili a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, tumbinsa ya kumbura. An ba su kyautar Nobel a 2005.

Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da ƙwayar ta fi yawa a duniya. Chris Holcombe, likitan tiyata da ya yi aiki a Maiduguri, ya wallafa a 1992 cewa mafi yawan mutanen yankin suna ɗauke da ita, duk da haka ba kowa take yi wa illa ba. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka wallafa a 2018, ya same ta a jikin fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ciwon ciki da aka duba.

Dalili na biyu yana kan kantar kemis da tiren masu tallan magani a kasuwannin ƙauye. Manomi ya yini a duƙe yana noma a Gwiwa, ko mai noman rani ya yini yana ban ruwa a bakin dam ɗin Kazaure. Da magariba ya tsaya a shagon magani ya ce a ba shi na gajiya. A ɓare masa ƙwayoyi uku ko huɗu masu launi daban-daban, a ƙulle a 'yar leda, babu suna babu takarda, ya watsa a baki ya kora da ruwa tun kafin tuwon dare ya sauka. Sau da yawa a cikin haɗin akwai biyu daga dangi ɗaya: ibufurofen, dikilofenak, firoksikam ko asfirin. Garin Alabukun da aka daɗe ana sha ma asfirin ne da sinadarin kafeyin. Waɗannan magunguna suna kashe ciwo, amma suna raunana kariyar da tumbi ke yi wa kansa daga ruwan tsamin da yake narka abinci da shi, asfirin kuma yana hana jini daskarewa da wuri. Tsofaffi masu ciwon gwiwa da baya, waɗanda ke shan su kullum, su ne suka fi shiga haɗari, musamman in an haɗa da magungunan sa ƙiba irin su deksametason.

Yunwa da yaji da damuwa suna iya tayar da raɗaɗi, amma ba su ne ke haƙa ramin ba. Taba sigari kuwa tana hana shi warkewa. Kanwa da madara da farin ruwan magani da ake sha suna kwantar da zafin na ɗan lokaci, ƙwayar cutar tana nan daram.

Ba kuma duk aman jini ne na gyambo ba. Rahotannin likitocin Kano da Maiduguri sun nuna cewa kumburarrun jijiyoyin hanyar abinci, waɗanda ciwon hanta ke haddasawa, suna kan gaba cikin abin da ake gani idan an leƙa masu aman jini a Arewa. Maganinsu daban ne, ɗaure su ake yi da roba. Wannan kaɗai ya isa nuna muhimmancin leƙawar farko.

Yadda ake tsayar da jinin

Kafin a yi maganar bututu, sai an fara tsayar da mutum da ƙafafunsa: a sa masa ruwa ta jijiya, a auna jininsa, a nemo wanda za a ƙara masa. A nan ma akwai abin mamaki. Wani gwaji da aka yi a Barselona ta ƙasar Sifen da majinyata 921, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa waɗanda aka jinkirta ƙara musu jini har sai ma'aunin himogulobin, wato sinadarin jan jini, ya sauka ƙasa da 7, sun fi tsira a kan waɗanda aka riƙa ƙara wa tun yana 9. Mutuwa kashi 5 ce cikin 100 a rukunin farko, kashi 9 a na biyu. Wannan ƙa'ida ba ta shafi wanda jini ke kwarara daga jikinsa a lokacin ba, ko mai ciwon zuciya.

Ana son a yi leƙawar farko cikin awa 24. Ana kwantar da majinyaci a gefensa na hagu, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a sa masa roba tsakanin haƙora don kada ya ciji bututun, wani lokaci a ƙara da allurar sa gyangyaɗi. Likita yana tura bututun a hankali, yana hura iska don tumbin ya buɗe, yana zuƙe jinin da ya taru, yana wanke wurin da ruwa har ramin ya bayyana. Idan ya ga jijiyar, sai ya yi mata allurar adiranalin a kewaye don ta tsuke, sannan ya matse bakinta da ɗan maƙallin ƙarfe, ko ya danne ta da sandar ƙuna har ta liƙe. An tabbatar cewa allurar ita kaɗai ba ta wadatarwa, sai an haɗa ta da ɗaya daga cikin biyun.

Gaggawar da ta wuce kima ma ba ta ƙara komai. A wani gwaji na Hong Kong da aka wallafa a 2020, da majinyata 516 masu tsananin haɗari, waɗanda aka leƙa cikin awa 6 ba su fi waɗanda aka leƙa tsakanin awa 6 zuwa 24 tsira ba.

Me ya sa jinin ke dawowa

A 1974 John Forrest da abokan aikinsa a Edinbura ta Sikotilan suka karkasa gyambo bisa abin da ido ke gani a ƙasansa, kuma har yau da wannan rabon ake aiki. Alƙaluman da Loren Laine da Walter Peterson suka tattara a 1994 sun nuna abin da ke faruwa idan ba a taɓa gyambon ba. Wanda aka tarar yana zubar da jini, kimanin kashi 55 cikin 100 yana ci gaba ko ya dawo. Wanda bakin jijiya ya fito fili amma ba ya zuba, kashi 43. Wanda gudan jini ya manne a kai, kashi 22. Mai ɗigon tabo kawai, kashi 10. Mai tsabtataccen ƙasa kuwa, kashi 5.

Ko bayan an yi aiki mai kyau, wani kaso yana sake ɓallewa. Maƙalli yana iya suɓucewa, ruwan tsamin tumbi kuma yana narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar. Mafi yawan dawowar tana aukuwa ne cikin awa 72 na farko. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya iso a galabaice, bugun jininsa ya faɗi, ko wanda faɗin gyambonsa ya haura santimita 2, ko gyambon yana bayan farkon hanji ko can saman tumbi, inda manyan jijiyoyi ke wucewa.

Dubawa uku da ake cakuɗawa

Ta farko ita ce dubawar riga-kafi. Jini ya tsaya, majinyaci yana kwance lafiya, babu wata alama, amma an tsara tun farko cewa za a sake leƙawa cikin kimanin awa 24 don a ga ko akwai jijiyar da ke shirin ɓallewa, a sake yi mata aiki. A kan wannan ne ake taƙaddama.

Ta biyu dubawar ceto ce. Aman jini ya dawo, ko baƙin bayan gida ya sake kwararowa bayan ya fara washewa, zuciya na gudu, ma'aunin jini na sauka. Babu wani saɓani a kan wannan.

Ta uku ana yin ta ne bayan mako 6 zuwa 8, wasu kan kai har mako 12, kuma ga mai gyambon tumbi ake yi, don a ga ya warke, a kuma tsakuro nama a tabbatar ba ciwon daji ne ya ɓoye a siffar gyambo ba. Gyambon farkon hanji da wuya ya zama daji, shi ya sa galibi ba a kiran mai shi ya dawo a sake leƙawa in dai alamun sun tafi.

Hujjar masu goyon bayan dubawar riga-kafi

Tunaninsu mai sauƙin fahimta ne: gara a tarar da jijiyar da safe, ma'aikata na nan, majinyaci na da ƙarfinsa, da a tarar da ita cikin tsakar dare bayan ya zubar da leda biyu ta jini. Kuma leƙawar farko sau da yawa cikin jini da guda-guda ake yin ta, ido ba ya ganin komai sarai. Washegari tumbin ya washe.

Suna da shaida. Philip Chiu da abokan aikinsa a Hong Kong sun wallafa gwaji a 2003 da majinyata 194. Cikin waɗanda aka sake leƙawa bisa tsari, kashi 5 cikin 100 ne jini ya dawo musu. Cikin waɗanda aka zuba wa ido kawai, kashi 13.8. Wasu nazarce-nazarce da suka haɗa gwaje-gwajen wancan zamani ma sun ga raguwar dawowar jini, ko da yake ba su ga raguwar mutuwa ba.

Hujjar masu ja

Abin da ya sauya lissafin magani ne. Akwai dangin magunguna da ke toshe famfon da tumbi ke fitar da ruwan tsami da shi, irin su omefurazol da fantofurazol da esomefurazol. A shekarar 2000 James Lau da tawagarsa a Asibitin Prince of Wales na Hong Kong suka gwada ba da omefurazol mai yawa ta jijiya bayan an tsayar da jini: miligiram 80 a tashi ɗaya, sannan miligiram 8 kowace awa har awa 72. Cikin majinyata 240, jini ya dawo wa kashi 6.7 cikin 100 na waɗanda suka samu maganin, da kashi 22.5 na waɗanda ba su samu ba. Idan tsamin ya kwanta, gudan jinin yana samun damar riƙewa.

Da aka koma kan tsofaffin gwaje-gwajen da suka yabi dubawar riga-kafi, sai aka ga yawancinsu an yi su ne ba tare da wannan magani mai ƙarfi ba, wasu kuma allurar adiranalin kaɗai aka yi a leƙawar farko. Wato dubawa ta biyu tana cike giɓin aikin da bai kammalu ba ne. Shi kansa Chiu ya sake gwaji, aka wallafa a 2016, inda ya kwatanta omefurazol mai yawa ta jijiya da dubawar riga-kafi a majinyata kusan 300. Sakamakon ya zo kusan kunnen doki.

Sannan dubawar tana da nata farashi. Akwai haɗarin maganin gyangyaɗi ga tsoho mai rauni, da shaƙar amai zuwa huhu, da huda bangon tumbi idan aka sake ƙona wurin da aka ƙona jiya. Akwai kuɗi. Akwai kuma lissafin cewa sai an leƙa mutane da yawa da ba sa buƙata kafin a tare dawowar jini a jikin mutum ɗaya, alhali shi ma ɗayan, in jinin ya dawo yana asibiti, galibi ana iya tsayar da shi.

Matsayar da aka cimma

Taron ƙwararru na ƙasa da ƙasa da aka wallafa matsayarsa a 2010 ya ce kada a mayar da dubawar riga-kafi al'ada. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta faɗi haka a 2012, ƙungiyar masu endoskofi ta Turai ma haka a 2015, ta kuma sake nanatawa a 2021. Sai dai an bar ƙofa a buɗe ga zaɓaɓɓun majinyata: wanda jini ya hana a ga ramin da kyau, wanda likita bai gamsu da yadda maƙallin ya kama ba, ko wanda alamun haɗari suka taru a kansa. A irin wannan hali hukuncin na likitan da ya leƙa ne, domin shi ya ga abin da ke ciki.

Game da dubawar ceto kuwa, tawagar Lau ta warware batun tun 1999. Cikin majinyata 92 da jini ya dawo musu, an sake yi wa 48 aiki ta bututu, 35 daga ciki jinin ya tsaya ba tare da an kai su tiyata ba, kuma matsalolin da suka biyo baya sun fi ƙaranci a kan na waɗanda aka wuce da su tiyata kai tsaye. Idan karo na biyu ya gaza, sai a koma ga toshe jijiyar ta cikin hanyar jini a inda ake da kayan aikin, ko a yi tiyata.

Yadda lissafin yake daga Kazaure zuwa Babura

Gwaje-gwajen nan an yi su ne a biranen da bututu da ƙwararre da ma'ajiyar jini suke ƙarƙashin rufi ɗaya, dare da rana. Daga Kazaure zuwa Kano, ta Dambatta, kusan kilomita 80 ne. Mutumin ƙauyukan Roni, ko na Gwiwa da ke bakin iyakar Katsina, sai ya fara fitowa titi tukuna. Babura tana bakin iyakar Nijar, kuma Dutse, babban birnin jihar da waɗannan garuruwa suke ciki, ta fi Kano nisa ga duk yankin. Ƙwararrun da ke iya tsayar da jini ta bututu sun fi taruwa a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Wasu na iya cewa wannan nisa hujja ce ta a sake leƙa mutumin karkara kafin a sallame shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman ga mai babban gyambo. Amma leƙawar da aka yi yau ba ta ba da tabbacin gobe, kuma a wurin da layin masu jiran leƙawar farko ke da tsawo, duk dubawar da ba ta zama dole ba gurbin wani take ci. Abin da nisan ya fi wajabtawa shi ne zama. Wanda aka yi wa aiki a kan jijiya ya kamata ya cika awa 72 a asibitin da bututun yake. A nan ne 'yan uwa ke yawan matsawa a sallame su, ganin majinyaci ya tashi zaune yana neman koko, kuɗin hannu sun ƙare, ga gona an baro. Rana ta biyu, wadda ake ganin an samu sauƙi, tana tsakiyar lokacin da jinin ya fi dawowa.

Akwai kuma abin da ke sauƙaƙa wa asibitocin yankin. Wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje da dama, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa ba da maganin rage tsami kashi-kashi a rana yana aiki daidai da ɗiga shi ba yankewa. Ke nan ba sai da na'urar ɗiga magani ba. Manyan asibitocin Kazaure da Babura, da ƙananan cibiyoyin da ke turo musu marasa lafiya, aikinsu mafi tasiri shi ne gane alamun da wuri, sa ruwa, fara maganin ta jijiya, tanadar jini, da sanar da asibitin da za a tura mutum kafin mota ta tashi. Su kuma dangi, tafiya da samari biyu ko uku da za su iya ba da jini ta fi cika mota da masu rakiya.

Bayan sallama

Dawowar jini bayan watanni ko shekaru ba a bututu maganinta yake ba. Abu na farko shi ne kashe ƙwayar cutar, da haɗin maganin rage tsami da magungunan kashe ƙwayoyi aƙalla biyu, na kwana 10 zuwa 14, a shanye su tas ko da ɗaci da tashin zuciya sun dami mutum. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje a kan wannan ya nuna jini ya sake dawo wa kimanin kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa maganin ƙwayar, da kusan kashi 20 na waɗanda ba a yi wa ba kuma ba su ci gaba da shan maganin rage tsami ba. Gwajin ƙwayar da aka yi ana tsaka da zubar jini yana iya cewa babu alhali akwai, don haka in ya fito babu, ana maimaita shi daga baya. Bayan an gama magani kuma ana tabbatarwa da gwajin bayan gida ko na numfashi, aƙalla mako 4 da gama magungunan kashe ƙwayoyi, mako 2 da ajiye na rage tsami. Gwajin jini bai dace da wannan ba, domin yana iya ci gaba da nuna alamar ƙwayar ko bayan ta mutu.

Abu na biyu shi ne rabuwa da haɗin gajiya. Farasitamol a ƙa'idarsa ba ya cin tumbi. Wanda ciwon gaɓoɓi ya tilasta wa shan ɗaya daga cikin waɗancan magunguna, likita ne zai zaɓa masa mafi sauƙin illa, ya haɗa masa da maganin rage tsami na kullum.

Masu shan ƙaramar asfirin saboda sun taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki hukuncinsu daban ne. Joseph Sung da tawagarsa sun wallafa gwaji a 2010 da majinyata 156, inda waɗanda aka mayar kan asfirin da wuri suka ɗan fi samun dawowar jini, amma mutuwa a cikinsu kashi 1.3 ce cikin 100, a kan kashi 12.9 na waɗanda aka dakatar wa. Irin wannan majinyaci kada ya ajiye asfirin da ra'ayin kansa.

Azumi ma yana shigowa cikin maganar. Wanda bai daɗe da zubar da jini ba yana cikin marasa lafiyar da shari'a ta yi wa rangwame, kuma likitoci galibi suna ba shi shawarar ya bari sai gyambon ya warke, ya rama daga baya. Wanda ya warke kuma aka kashe masa ƙwayar yana iya azuminsa, yana shan maganin rage tsami kafin sahur idan an rubuta masa.

Kafin a bar asibiti, ya kamata majinyaci ya karɓi takardar sakamakon leƙawar, domin ita ce za ta gaya wa likitan Kazaure ko na Babura ko gyambon na tumbi ne ko na hanji, wane irin aiki aka yi masa, da ko an tsakuro nama. Idan na tumbi ne, a rubuta ranar komawa bayan mako 6 zuwa 8, a kuma koma ko da ciwon ya ɓace gaba ɗaya, tunda maganin rage tsami yana iya kwantar da raɗaɗin ciwon daji na ɗan lokaci. Idan kuma kafin ranar aka ga aman jini, ko baƙin bayan gida mai danƙo, ko jiri da gumi mai sanyi, asibiti mafi kusa za a nufa a wannan sa'ar, da takardar a hannu.